Tambaya kan fulogin na kwalliyar shafi: dacewa da manhajojin gina shafi, lasisi da saurin buɗewa

Nura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin gina shafukan intanet da WordPress.

Ina kula da shafukan wasu abokan hulɗa, kuma ba a kan tsari ɗaya aka gina su ba. Mafi yawansu da manhajar gina shafi ta Elementor aka yi su, sababbin da nake yi yanzu da wata manhajar mai suna Bricks nake haɗa su, akwai kuma wanda ba ya amfani da komai sai editan WordPress na asali, wato Gutenberg. Abin da yake cin lokacina shi ne kwalliya, wato launuka, girman rubutu, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin shafi, siffar maɓallai da makamantansu, domin kowace manhaja tana da inda take ajiye waɗannan saituna, kuma abin da na tsara a wannan shafi ba ya ɗaukuwa zuwa wancan sai na sake shi daga farko.

Na ga ana sayar da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, waɗanda aka yi musamman saboda wannan aiki, kuma na lura sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda mutum zai danna abu a shafi da linzami, ya sauya launinsa ko girmansa yana kallo, su kuma su rubuta masa CSS ɗin, wato kod ɗin da ke tsara kamannin shafi, irin su Microthemer, CSS Hero da YellowPencil. Akwai kuma waɗanda suke zuwa da shiryayyen tsari na azuzuwa (wato sunayen CSS da kowannensu ke ɗauke da wata kwalliya) da ma'aunai da launuka, mutum ya riƙa liƙa su a jikin abubuwan da ya gina, irin su Automatic.css da Core Framework.

Abin da nake son sani kafin in kashe kuɗi shi ne, shin fulogin ɗaya zai iya yi mini aiki a kan manhajojin nan uku ba tare da rikici ba? Sannan idan na saya da sunana na sanya a shafukan abokan hulɗa, me zai faru da waɗannan shafuka ranar da na daina sabunta lasisi, ko ranar da muka rabu da mai shafin? Sai kuma batun nauyi, domin wasu daga cikin shafukan Elementor ɗin dama ba su da saurin buɗewa a waya, kuma ba na son in ƙara musu kaya. Na gode.

Malam Habibu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Zan tsaya a kan batun dacewa, domin a nan ne aka fi samun saɓani tsakanin abin da aka rubuta a shafin talla da abin da mutum zai tarar bayan ya saya.

Idan kamfani ya ce fulogin ɗinsa yana aiki da Elementor ko Bricks, maganar tana iya nufin abubuwa mabambanta ƙwarai. Mafi ƙarancinsu shi ne CSS ɗin da ya fitar yana bayyana a shafin da baƙo yake gani, kuma wannan ba wani abin alfahari ba ne, tunda kowace manhajar gina shafi a ƙarshe HTML, wato kod ɗin da ke riƙe da ginin shafi, take fitarwa, CSS kuma ba ruwansa da wanda ya rubuta HTML ɗin. Abin da ya fi wannan shi ne kwalliyar ta bayyana a cikin editan kansa yayin da kake aiki. Manhajojin nan suna nuna shafin da kake gyarawa ne a cikin wata taga ta daban da ke cikin babban allon, kuma idan fulogin bai shigar da fayil ɗinsa cikin wannan taga ba, za ka riƙa gini a makance, sai ka adana ka buɗe shafin a wani wuri sannan ka ga yadda ya fito. Mataki mafi girma shi ne launuka da azuzuwan fulogin ɗin su shiga cikin akwatunan zaɓi na manhajar, ta yadda idan ka fara rubuta sunan aji zai fito maka. Ka tambayi mai sayarwa wanne daga ciki yake nufi, kuma ka tambaya game da kowace manhaja daban, domin sau da yawa ana samun cikakken haɗi da ɗaya, sauran kuma a bar su a mataki na farko.

Game da iri biyun da ka ambata, matsalarsu ba ɗaya ba ce. Irin na danna-ka-gyara yana rubuta dokar CSS ne da yake ratayawa a jikin sunayen da manhajar gina shafi ta ba abubuwa. Elementor, alal misali, yana ba kowane abu wata lamba da ya ƙirƙira da kansa, kuma idan ka kwafi maɓalli ka liƙa a wani wuri, sabon yana samun sabuwar lamba, don haka dokar da aka rataya wa na farko ba za ta bi shi ba. Haka kuma tsarin HTML na manhajar kansa yana sauyawa. Tun daga 2022 Elementor ya fara sauya tsohon tsarinsa na sashe da ginshiƙi da tsarin kwantena, kuma duk wanda ya mayar da tsohon shafi zuwa sabon tsarin zai tarar dokokin da suka dogara da tsofaffin sunaye ba su da abin da suke nunawa. Dabarar da ke rage wannan ita ce ka ba abu sunan aji naka na kanka a cikin manhajar, sannan ka sa fulogin ɗin ya rataya dokarsa a jikin wannan suna, ba a jikin wanda na'ura ta ƙirƙira ba.

Iri na biyu kuwa, mai shiryayyen tsari, ya fi zama daram a kan Bricks da Oxygen, saboda waɗannan manhajoji tun asali an gina su ne domin a yi aiki da azuzuwa. A kan Elementor za ka gamu da abin da na fi ɗauka a matsayin ainihin tushen rikicin, wato rinjaye tsakanin dokokin CSS. Idan dokoki biyu suka yi karo a kan abu ɗaya, burauza ba ta duba wanda ka fi so, tana duba nauyin manunin kowace doka ne, wato ɓangaren da ke nuna abin da dokar ta shafa: wanda ya ambaci lambar shaida ta abu ya rinjayi wanda ya ambaci aji komai yawansu, wanda ya jera azuzuwa huɗu ya rinjayi mai aji ɗaya, kuma sai nauyi ya zo daidai sannan wadda ta zo daga baya ta yi nasara. Elementor yana rubuta saitin da ka yi a kan abu da manuni mai jere da azuzuwa da yawa, don haka ajin nan guda ɗaya da fulogin ya kawo ba zai iya kayar da shi ba. Ko a Bricks ma, idan ka yi wa abu kwalliya kai tsaye ba tare da ka zaɓi aji ba, ana rubuta ta ne a kan lambar shaidarsa, kuma daga nan duk ajin da ka liƙa masa ba zai yi tasiri a kan wannan siffar ba. Wasu fulogin suna magance wannan ta hanyar yayyafa !important, wato alamar da ke tilasta doka ta yi rinjaye, a ko'ina, kuma a ganina wannan alama ce ta a guje su, domin ranar da kake son sauya abu ɗaya a shafi ɗaya za ka rasa abin da za ka rinjaye su da shi.

Gutenberg ya fi sauƙi ta wannan fuska. Tun daga WordPress 5.8 a 2021 akwai fayil ɗin theme.json da ake tsara launuka da girman rubutu da tazara a cikinsa, kuma a WordPress 6.6 na 2024 an rage nauyin dokokin da tsarin yake fitarwa da gangan domin a samu sauƙin rinjayarsu. Ga shafinka na Gutenberg ina shakkar ko kana bukatar wani fulogin ma.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suke ɓata aiki ba tare da an lura da wuri ba. Ɗaya shi ne faɗin allon da kowace manhaja take ɗauka a matsayin iyaka tsakanin kwamfuta da kwamfutar hannu da waya. Elementor yana zuwa da 1024 da 767 na fiksel, Bricks yana zuwa da 991 da 767 da 478, Divi kuma 980 da 767. Idan fulogin yana sauya girman rubutu a 991 alhali manhajar tana sauya jerin ginshiƙai a 1024, to akwai wani ɗan tsakani da shafin zai fito rabi a tsarin kwamfuta rabi a tsarin kwamfutar hannu, kuma ba za ka gan shi ba sai ka riƙa matse tagar burauza a hankali. Ɗayan kuma shi ne rem, wani ma'auni da ake auna girman rubutu da tazara da shi. Burauza tana ɗaukar rem ɗaya a matsayin fiksel 16, amma Bricks ya saba saita tushen girman rubutu a kashi 62.5 cikin ɗari domin rem ɗaya ya zama fiksel 10. Tsarin da aka lissafa a kan 16 idan aka ɗora shi a kan 10, komai zai ƙanƙance, akasin haka kuma komai zai kumbura, har da akwatunan wasu fulogin da ba su da alaƙa da kwalliyar, kamar na fom ko na kanti.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada ka nemi abu ɗaya da zai rufe duka ukun. Ka ɗauki mai shiryayyen tsari domin sababbin shafukan Bricks, ka bar na Elementor a kan launuka da rubutun gama-gari da manhajar take da su a cikin saitin shafi.

Malama Rukayya ta rubuta:

Malam Nura, sannu da ƙoƙari. Malam Habibu ya yi bayanin dacewa, ni kuma zan taɓa lasisi, domin mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba.

WordPress yana ƙarƙashin lasisin GPL ne, siga ta 2 ko wadda ta biyo bayanta, wato lasisin da ya ba kowa damar amfani da kod da gyara shi da raba shi, kuma matsayin masu kula da shi shi ne duk kod ɗin PHP (harshen da aka rubuta WordPress da shi) na fulogin ko jigo (theme) da ya dogara da WordPress ya gaji wannan lasisi. A 2009 sun nemi ra'ayin lauyoyin Software Freedom Law Center game da jigogi, kuma amsar da aka bayar ita ce ɓangaren PHP dole ya kasance ƙarƙashin GPL, amma hotuna da fayilolin CSS suna iya zama ƙarƙashin wani lasisi na daban. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci a nan fiye da ko'ina, domin fulogin na kwalliya babban abin da yake sayarwa CSS ne. Don haka kada ka ɗauka cewa da zarar an ce fulogin na WordPress ne, to kana da ikon kwashe komai nasa ka kai inda kake so. Ka karanta sharuɗɗan kamfanin ka ga ko gaba ɗayansa GPL ne ko rabi da rabi. Wanda yake cikin rumbun WordPress.org dole ne duk abin da ke cikinsa ya dace da GPL, amma wanda ake sayarwa a wajen rumbun ba lallai ba ne. A kasuwar CodeCanyon, misali, lasisin da aka saba saya na aiki ɗaya ne, wato kowane shafi da nasa.

Abu na biyu shi ne mabuɗin da ake ba ka bayan ka biya. A mafi yawan lokuta abin da wannan mabuɗi yake saya maka shi ne sabuntawa kai tsaye daga sabar kamfanin, wato kwamfutarsu da ke kan intanet, da kuma taimakon ma'aikatansu, na tsawon shekara ɗaya ko na dindindin, a kan adadin shafukan da aka ƙayyade. Idan wa'adin ya ƙare, abin da aka fi gani shi ne fulogin ya ci gaba da aiki amma ya daina samun sabuntawa. Sai dai akwai waɗanda suke kulle allon saiti, ta yadda kwalliyar da aka riga aka yi tana nan amma ba a iya gyara ta, akwai kuma waɗanda wani ɓangaren aikinsu a sabar kamfanin yake gudana, kuma waɗannan idan biya ya tsaya, wannan ɓangaren ya tsaya. Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su wannan a fili, ka ajiye amsar.

Amma tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce inda CSS ɗin yake zaune. Idan fulogin yana rubuta shi a cikin fayil na gaske a cikin wp-content, inda WordPress yake ajiye fayilolin jigo da na fulogin, wanda za ka iya kwafa ka saka a jigon shafin ka kashe fulogin ɗin kwalliya ta ci gaba da fitowa, to lasisi ba zai taɓa riƙe ka ba, kuma idan kun rabu da mai shafi za ka iya miƙa masa shafinsa cikakke. Idan kuwa yana ajiye saituna a rumbun bayanai ne kawai ya riƙa haɗa CSS ɗin duk lokacin da aka buɗe shafi, kuma babu maɓallin fitar da shi, to shafin abokin hulɗarka ya zama ɗan haya a wurin wannan kamfani. Wannan gwaji ne da za ka iya yi cikin wa'adin mayar da kuɗi: ka yi kwalliya a shafin gwaji, ka fitar da CSS ɗin, ka kashe fulogin, ka duba abin da ya rage.

Ban yarda a bar fulogin yana aiki ba tare da sabuntawa ba don kawai ana ganin na kwalliya ne, ba shi da haɗari. A watan Afrilu na 2019 an gano wata ɓaraka a YellowPencil wadda ta ba maharan da ba su da asusu damar sauya saitunan shafi, kuma an yi amfani da ita a kan shafuka na gaske kafin mutane su sabunta. A Fabrairun 2024 ma an samu babbar ɓaraka a Bricks, aka toshe ta a siga ta 1.9.6.1, kuma hare-hare suka fara cikin 'yan kwanaki bayan sanarwar. Duka kamfanonin sun fitar da gyara, amma wanda yake samun sabuntawa ne kaɗai ya amfana da gyaran. Haka nan kwafin fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan a wasu shafuka da sunan GPL, ko da a ce raba shi bai saɓa wa lasisin ba, ba ka da tabbacin abin da aka cusa a ciki. Kamfanin tsaro na Wordfence ya wallafa rahoto a 2019 kan wata muguwar manhaja mai suna WP-VCD da take yaɗuwa ta irin waɗannan kwafi. Araha ba ta ado, balle a shafin da ba naka ba.

Game da shafukan abokan hulɗa, ka duba ko lasisin ya yarda a yi amfani da shi a shafin wani, ko shafin gwaji yana cin gurbi ɗaya daga cikin adadin da ka saya, da kuma ko kana iya cire mabuɗin daga wani shafi ta cikin asusunka ba tare da ka shiga shafin ba. Wannan na ƙarshe shi ne zai yi maka amfani ranar da aka sauya maka kalmar sirri bayan an rabu. Ni dai abin da nake yi shi ne in rubuta a yarjejeniya tun farko cewa lasisin nawa ne muddin ina kula da shafin, idan aiki ya ƙare kuma mai shafi zai sayi nasa ko a bar masa CSS ɗin a jigonsa.

Nura ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Habibu da Malama Rukayya, Allah Ya saka da alheri. Batun 991 da 1024 ya bayyana mini wani abu da nake gani a kwamfutar hannu. Malama, idan na fitar da CSS na saka a jigo na kashe fulogin, ashe ke nan matsalar nauyi ma ta kau? Ko kuwa fayil ɗin kansa shi ne nauyin?

Injiniya Auwal ya rubuta:

Malam Nura, rabin matsalar ce take kauwa, kuma ya danganta da yadda aka rubuta fulogin ɗin tun farko.

Nauyi yana zuwa ne ta wurare daban-daban. Akwai aikin da saba take yi kafin ta aiko da shafi: idan fulogin yana karanta saituna daga rumbun bayanai yana haɗa CSS a kowace buɗewa, wannan lokaci ne da ake ƙarawa, kuma shi ne yake kauwa idan ka kashe shi. Wani abin da ba a cika dubawa ba shi ne teburin wp_options, inda wasu fulogin suke zuba manyan saituna su kuma yi musu alamar a loda su a kowace buƙata, har a shafukan da ba su da alaƙa da su. Daga WordPress 6.6 allon lafiyar shafi yana yin gargaɗi idan jimillar irin waɗannan bayanai ta wuce kimanin kilobait 800. Fulogin da aka rubuta da kyau yana yin aikinsa mai nauyi ne a lokacin da ka danna adanawa, ya fitar da fayil ɗaya, baƙo kuma ba ya samun komai sai wannan fayil. Irin wannan ko ka bar shi a kunne bambancin kaɗan ne.

Fayil ɗin kansa kuma yana da nasa lissafin. Burauza ba ta zana komai a allo sai ta gama sauke fayilolin CSS da ke saman shafi ta karanta su, don haka kowane fayil da aka ƙara yana iya jinkirta fitowar abu na farko, musamman a waya mai raunin intanet. Sai dai CSS rubutu ne mai yawan maimaici, kuma idan saba tana matse shi da Gzip ko Brotli yana raguwa sosai, sannan bayan shafi na farko burauza tana ajiye shi ba ta sake saukewa. Shi ya sa na fi son fayil na waje a kan CSS ɗin da ake zubawa a cikin HTML na kowane shafi, wanda dole a sake sauke shi duk lokacin da baƙo ya matsa zuwa wani shafin. Tsarin da yake zuwa da dubban azuzuwa alhali kana amfani da kaɗan daga ciki, ka duba ko yana ba da damar kashe ɓangarorin da ba ka bukata. Idan ka buɗe kayan aikin masu gini na Chrome akwai sashen Coverage, wanda yake nuna maka kashi nawa na kowane fayil aka yi amfani da shi a shafin da kake kai.

Abin da ya kamata ka tsananta bincike a kansa shi ne JavaScript, wato kod ɗin da burauzar baƙo take gudanarwa a cikin shafi. Fulogin na kwalliya ba shi da dalilin loda editansa ko wani babban kod ga baƙon da bai shiga asusu ba. Ka buɗe shafin a tagar sirri, ka duba sashen Network, ka ga fayiloli nawa suka ƙaru bayan ka kunna shi. Idan kwalliyar sai JavaScript ya gudana take hawa, baƙo zai fara ganin shafin a wata siffa sannan ya yi tsalle zuwa wata, kuma Google yana auna wannan tsalle. Ma'aunansa uku ne: babban abin da ke shafi ya fito cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin milisakan 200, wanda shi ne ma'aunin INP da ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a Maris na 2024, sannan motsin abubuwa, wato CLS, kada ya wuce 0.1. Ana duba su ne a kan kashi 75 cikin ɗari na ziyarori na gaske. Ka lura cewa makin da PageSpeed Insights, wato shafin gwajin sauri na Google, yake bayarwa daga gwaji ɗaya yana hawa yana sauka ko ba ka taɓa komai ba, don haka ka maimaita gwajin sau da yawa kafin da bayan sakawa, bayanan baƙi na gaske kuma na kwana 28 ne a tare, ba za su nuna sauyi washegari ba.

Salon rubutu ma yana shigowa ta wannan ƙofa. Wasu fulogin da zarar ka zaɓi salo sai su jawo shi daga sabar Google Fonts da kauri iri-iri da ba ka bukata, alhali manhajar gina shafin ita ma tana jawo nata. Gara ka sauke salon ka ajiye a sabarka, kauri biyu ko uku kawai. Ga wanda yake da baƙi daga Turai akwai ƙarin dalili, domin a Janairun 2022 wata kotu a Munich ta Jamus ta yanke cewa jawo salon daga sabar Google ba tare da izinin baƙo ba ya saɓa wa dokar kare bayanai, saboda adireshin IP ɗinsa yana tafiya can.

A nan zan ɗan bambanta da Malam Habibu. Ban ga laifin sanya ƙaramin fayil na ma'aunai da launuka guda ɗaya a duk shafukan ba, har da na Elementor, idan an tsaya a kan masu-canji na CSS, wato sunayen da suke riƙe da ƙima kamar launin kamfani ko tazara. Su ba sa shiga faɗan rinjaye da dokokin manhaja, tunda ƙima kawai suke bayarwa, kuma nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Amma gaskiya ne shafin Elementor da dama yake da nauyi, ba fayil ɗin kwalliya ne zai gyara shi ko ya kashe shi ba. Hotunan da ba a rage ba da tarin ƙarin kayan Elementor daga kamfanoni daban-daban sun fi shi laifi nesa ba kusa ba.

Malam Habibu ya rubuta:

Injiniya, na yarda da kai a kan masu-canji, sai dai a ƙara da cewa ba kowane akwatin saiti ne yake karɓarsu ba. A Bricks kusan ko'ina za ka iya rubuta sunan mai-canji a gurbin lamba, a Elementor kuwa ya danganta da akwatin da kuma sigar da aka saka, wani wurin sai an bi ta CSS na musamman. Kuma idan abin da ake bukata ke nan kawai, layuka kaɗan ne da Malam Nura zai iya rubutawa da hannunsa a jigon shafi ba tare da ya sayi komai ba.

Nura ya rubuta:

Injiniya, tambaya ɗaya ta rage. Wasu daga cikin shafukan suna da fulogin na ma'ajiyar wucin gadi, wanda ke ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri, mai zaɓin cire CSS ɗin da ba a amfani da shi. Shin wannan ba zai magance yawan azuzuwan ba?

Injiniya Auwal ya rubuta:

Zai rage girman, Malam Nura, amma sai an bi shi da kulawa. Wannan zaɓi, wanda ake samu a irin su WP Rocket da LiteSpeed Cache da Perfmatters, yana duba HTML na shafi ne yadda yake a lokacin buɗewa, ya ajiye dokokin da suka dace da abin da ya gani, ya ture sauran. Azuzuwan da JavaScript yake liƙawa daga baya, kamar wanda yake buɗe jerin zaɓi a waya, ko wanda yake sauya kan shafi idan an gangara ƙasa, ko na saƙon kuskure a fom, ba sa nan a lokacin da ake dubawa, don haka ana iya cire dokokinsu, sai ka ga shafi lafiya lau a ido amma maɓallin jerin zaɓi ba ya buɗe komai. Kowanne daga cikinsu yana da wurin da ake rubuta sunayen da ba a so a taɓa, kuma kamfanin fulogin na kwalliya da ya san aikinsa yakan wallafa sunayen da ya kamata a saka a wurin.

Haka kuma duk lokacin da ka sauya kwalliya sai ka share ma'ajiya bi da bi: ka sa fulogin na kwalliya ya sake fitar da fayil ɗinsa, ka sa manhajar gina shafi ta sake haɗa nata CSS ɗin, wanda Elementor da Bricks duka suna da maɓallinsa a saitunansu, sannan ka share ma'ajiyar shafi, daga ƙarshe ta CDN, wato sabobin da ke ajiye kwafin fayiloli kusa da baƙi, idan kana amfani da ita. Idan ka fara da ta ƙarshe, tsohon fayil ɗin ne za ta sake ɗauka ta ajiye. Ka gwada a waya ta gaske ba tare da ka shiga asusu ba, domin yawancin waɗannan fulogin ba sa nuna wa mai kula da shafi sigar da aka rage.